Hannun da Yaya Asabe Ta Ƙi Sawa

A daminar bana Yaya Asabe ta cika shekara tara da rasuwa. Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta. Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta, kuma a hannunta na tashi bayan mahaifiyarmu ta rasu. Kowace shekara sai in ɗauki alƙalami zan rubuta wani abu a kanta, sai in ajiye, domin labarinta ba ya tafiya sai da nawa, nawan kuwa ba na alfahari ba ne.

Malamar firamare ce a nan Haɗeja, lissafi ta koyar har ta yi ritaya. Bayan ta ajiye alli ne ita da wasu mutum shida suka kafa 'yar gidauniya mai ba masu ƙaramin ƙarfi rancen jari ba ruwa: mata masu turara shinkafa, masu bandar kifi, masu ƙuli-ƙuli, da 'yan tireda. Ba zan faɗi sunan gidauniyar ba. Ita aka ba ma'aji. Wani attajirin ɗan kasuwar hatsi, wanda zan kira Alhaji kawai, shi ne shugaba. Ni kuma aka sa ni sakatare saboda ina aikin gwamnati, na iya rubuta wasiƙa da Turanci.

A lokacin ba mu da ofis. Farkon kowane wata ake shimfiɗa tabarmi a harabar makarantar da ta koyar, matan su zauna, ita kuma ta miƙe da littafinta ta karanta da ƙarfi: ga abin da ya shigo, ga wadda ta karɓa, ga wadda ta dawo da shi. Duk mai tambaya ta yi. Kuɗi ba ya fita daga banki sai da hannun shugaba da nata. Ta kuma kafe a kan cewa iyalin ɗan kwamiti ba za su ci rancen ba. Matata ta taɓa neman kuɗin keken ɗinki, Yaya ta hana, muka yi sati biyu ba ma gaisawa sosai. Da fanshonta ya fito sai ta sayo keken da kuɗinta ta aiko gidana.

Haka aka yi shekara biyar lafiya, har shekarar da kogi ya yi ambaliya ya cinye gonakin shinkafa, ya rushe gidaje tun daga bakin gari har ƙauyukan wajen Baturiya. Wasu masu ba da agaji daga nesa suka ji labarinmu, suka aiko da kuɗin da ba mu taɓa ganin irinsa ba, don a farfaɗo da jarin waɗanda ruwa ya ci. Daga ranar fuskokin 'yan kwamiti suka sauya. Mutanen da sai an bi su gida kafin su zo taro suka riƙa zuwa tun kafin a share wuri.

Alhaji ya kawo jerin sunayen waɗanda za a ba. Yaya ta ce a ba ta sati guda. Tana da shekara sittin da ɗoriya, ga ciwon gwiwa, amma ta hau acaɓa, inda hanya ta yanke ta shiga kwalekwale, ta bi ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya tana tambayar masu unguwanni. Wasu sunayen na gaskiya ne. Da yawa kuwa babu wanda ya taɓa jin su. Akwai direban Alhaji, akwai surukan wani ɗan kwamiti, akwai wani masunci da aka binne tun kafin ruwan ya zo.

Ranar taron kwamiti ta karanta abin da ta gano. Alhaji bai musa ba. Ya ce an yi gaggawa ne, za a gyara daga baya, sannan ya tura mata takardar banki.

"Malama, ke kaɗai ake jira. In ba mu fitar da kuɗin nan kafin ƙarshen wata ba, masu shi za su janye abinsu."

"To su janye, Alhaji. Gara ya koma hannun masu shi da in tsaya gaban Allah in ce na ba matacce jari."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Nan take wani ya kawo shawarar a gyara ƙa'ida, a ce hannun shugaba da na sakatare ya wadatar. Aka ɗaga hannuwa, shawara ta wuce. Takardar ta zagayo gabana. Yaya ta dube ni, ba harara ba, irin kallon da take yi wa ɗalibi tana jiran amsar da ta san ya sani. Na ce wa zuciyata ai ko rabi ya kai ga talakawa ya fi babu. Na kuma tuna Alhaji ne ya yi mini hanya aka fasa mayar da ni aiki wani gari mai nisa. Na sa hannu. Bayan wata biyu aka ba ni sabon babur, wai na zirga-zirgar aiki.

Washegarin taron nan Yaya ta kai musu littafi da mabuɗin akwati, ta koma gida. Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma sai magana ta fara yawo a gidajen biki da bakin kasuwa cewa an sauke Malama ne don kuɗi sun yi ƙafa a hannunta. Na san bakin da maganar ta fito, na kuma yi shiru. Wasu matan da ta yi wa tsaye suka daina shiga gidanta. Ba ta kai ƙara ba, ba ta bi kowa da bayani ba. Hawan jini ya kama ta, ba ta cika shekara biyu ba ta rasu. Ban ce su suka kashe ta ba, kwana ne ya ƙare. Amma na san da wane ƙunci ta tafi.

Sau ɗaya tak ta taɓa yi mini maganar, tana kwance, saura kwanaki. Na fara kame-kamen neman gafara, sai ta ɗaga hannu.

"Auta, na yafe maka tun ranar. Abin da ke ci mini rai kawai, ni na koya maka riƙe alƙalami."

Da za ta leƙo yau, ban san me za ta ce ba. Gidauniyar ta yi bene, ta yi motoci masu tambari a ƙofa. Alhaji ne shugaba har yanzu, ba a taɓa zaɓe ba. Ɗansa ne akanta, mai binciken kuɗin kuma mijin 'yarsa ne, wato an ba kura ajiyar nama. Taron tabarma ya mutu tuntuni. Abin da ya maye gurbinsa shi ne rahoton shekara mai sheƙi, da Turanci, wanda ake aika wa masu ba da kuɗi, ba mai bandar kifi ɗaya da ta taɓa jin abin da ke ciki. Mace sai ta sayi fom kafin a dubi buƙatarta, sannan a jera su a rana a miƙa ambulan a ɗauki hoto. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A bangon ofishin an rataye ƙa'idojin riƙon amana cikin gilashi, an rubuta su da kyau ƙwarai. Duk wanda ake wa bayani yana sama, yana nesa. Waɗanda aka karɓo kuɗin da sunansu ba su da bakin tambaya, kuma ba hukumar da ta taɓa zuwa ta zauna da su ta ji.

Ni ma ba jarumta ce ta fitar da ni ba. Bayan shekara uku suka sami sakataren da ya fi ni sauƙin lanƙwasa. Bara suka aiko mini da katin gayyata, wai za su sa wa ɗakin taronsu sunan Malama Asabe. Ban je ba.

Me ya rage nata? Ba gida, ba fili. Akwai 'yan tsofaffin mata da har gobe in sun gan ni a kasuwar kifi sai sun tsaya sun yi mata addu'a. Akwai kuma 'yarta Rabi, wadda watan jiya ta dawo daga wani suna idonta jajir, ta zauna a ƙofar ɗakina ta ce, "Kawu, ka gaya mini gaskiya, Mama ta taɓa kuɗin mutane?" Shekara goma sha ɗaya ƙaryar nan tana yawo, ta fi mai gaskiyar tsawon rai, domin mu da muka sani mun kama bakinmu.

Na ba Rabi amsa a ranar, yau kuma ina ba duk wanda ya taɓa jin maganar ya wuce da ita gaba. Asabe ba ta ci ko kwabo ba. An miƙa mata takarda ta ƙi sa hannu. Wanda ya sa yana nan da ransa, shi ne ya rubuta wannan.