Wayar da Ba Ta da Murfi

A bakin tashar Gazawa, inda nake jiran mota ta cika, wani dattijo yana zaune cikin rumfar kwano, tabaransa ɗaure da zare. Allon da ke bisa kansa ya sha fenti sau uku. A ƙarƙashin "Gyaran salula" ana iya karanta "kaset", can ƙasa kuma "rediyo". Ina jin duk sana'ar da ta mutu a hannunsa, wata yake koya.

Yanzu wata mata ta miƙo masa sabuwar waya. Yana jujjuya ta, yana bin gefenta da farce, yana neman murfi. Babu. Ya ɗauki sukundireba, ya ajiye, ya sake ɗauka.

"Malam Barmo, za ta gyaru?"

"Hajiya, wagga ban ga ƙofarta ba tukuna."

"To ba ni, in kai Maraɗi."

Ya sake duban wayar. Na kasa gane ko tsoro ne a fuskarsa ko sha'awa.

"Ki bar mini ita kwana biyu. In ta tafi Maraɗi yau, ba mai sake kawo mini irinta."

Motarmu ta tashi, hannun Hajiya yana miƙe, shi kuma bai saki ba.