Tudun da Na Goge Daga Layin Lahadi

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da ranar Litinin ɗin da na zauna gaban ordinater, wato kwamfuta, a lisen da nake aiki, makarantar sakandare ta Magaria, na goge mintoci arba'in na rubutun na'ura da hannuna, na kuma tashi ina jin na yi aikin kirki. Ku da kuka shigo aikin nan a bayana kuna yi mini tsiya, wai Laminu ko takardar ƙosai ce in dai da rubutu a jikinta ba ya yarda a jefar. Na sha jin ku ina yin kamar ban ji ba. To yau ku zauna ku ji dalili.

Ni ba malami ba ne. An ɗauke ni mai kula da labo, wato ɗakin gwaje-gwajen ɗalibai. Shugabana a aikin shi ne Mushe Ibrah (Mushe muke ce wa malamin boko, daga Faransanci), malamin fizik, mutumin Dogo-Dogo, dogo siriri mai magana a hankali. Shi ya kafa na'urar da muke tsaro har yau. Wanda bai sani ba in ya gan ta sai ya raina ta: katako ne mai kusurwa huɗu, tsayinsa kamar ƙofa, an naɗe shi da waya, sai ƙaramin akwati, sai pano mai ɗaukar hasken rana da batiri, sai ordinater. Aikinta saurare ne. Akwai tashoshin rediyo a ƙasashe masu nisa da ke aika sigina dare da rana, ba magana ba kiɗa. Siginar ba ta iso mana kai tsaye, sai ta bugi wani rufin iska can sama sannan ta faɗo. Na'urarmu tana auna ƙarfinta tana zana layi. In rana ta yi aman wuta, rufin nan ya motsa, sai layin ya yi tudu. Kama aman rana shi ne aikinmu na kullum.

Amma abin da Mushe yake jira daban ne. Tun makona na farko ya zaunar da ni ya ce, "Laminu, akwai taurari ƙatta da suka fi ranarmu nesa ba kusa ba. In ɗaya zai mutu, yakan rufta cikin kansa, ya feso wani haske da ido ba ya gani, ana kiransa gamma. Daƙiƙoƙi ne ko 'yan mintoci, ya wuce. Taurarin ɗan'adam ke fara kama shi, su sanar da duniya. Daga nan masu manyan madubin hangen nesa su yi ta rige-rigen juya su wajen, don bayan fashewar akwai sauran haske da ke biyo baya yana dusashewa, kamar garwashi bayan an sauke tukunya. Wanda ya makara toka zai tarar."

Na ce, "To mu fa, Mushe, da ba mu da madubi?"

Ya ce, "Mu kunne ne da mu. Mafi yawansu ba sa isa su taɓa rufin nan namu. Amma wata rana za a yi mai ƙarfin da zai girgiza shi, layinmu ya nuna. Ina so in ranar ta zo, a ce Magaria ta ji."

Lokacin da abin da nake ba ku labari ya faru, shekararsa tara yana jira. Ɗalibai har sun laƙaba masa Mushe Gamma, yana ji yana dariya. Saura masa shekara guda ya ajiye aiki.

Tsarin aikin kuwa ga shi. Kowace safiya nakan buɗe rubutun jiya kamar yadda na'ura ta ɗauke shi, wanda muke kira ɗanye. In yi kwafinsa, a kan kwafin nake aiki: in duba, in yi alama inda hayaniya ta shiga, in aika wa Dakta Hadiza, malamar jami'a da ke tattara rubutun ƙananan tashoshi irin tamu tana miƙa shi gaba. Doka ta ɗaya kuwa Mushe da alli ya rubuta ta a bango: ɗanye ba a taɓa shi.

Matsalarmu ita ce Baba Sale mai walda, wanda rumfarsa ke bayan katangar lise. Da ya kunna gurup ɗinsa, wato janareto, ya soma walda, sai layinmu ya tashi tsaye-tsaye kamar haƙoran matsefi. A damanar shekarar Dakta Hadiza ta kira ta ce rubutun Magaria ya cika datti, in ba a gyara ba za a ɗauke na'urar a kai wani wuri. A gabana aka yi wayar. Mushe ya ce to, ya ci gaba da harkarsa. Ni kuwa abin ya tsaya mini a wuya, don ni ke aikawa, kuma ni mutum ne da ba na son a ce aikina da datti. Mun je mun roƙi Baba Sale, ya yarda zai riƙa faɗa mana lokutan da ya yi walda, Lahadi kuma ba zai kunna ba sam. Ya yarda, amma ni a raina ban yarda da shi ba.

Kaka ta yi, aka koma lise. Mushe ya nemi izinin kwana huɗu ya tafi Dogo-Dogo yankan hatsi. Ya bar ni da na'ura da faifan ajiya da ya kusa cika, sabon da muka sa a kawo daga Damagaram bai iso ba.

Ranar Litinin da safe na buɗe rubutun Lahadi. Layi yana tafiya lafiya tun hantsi, sai da ƙarfe biyu ta ɗan gota, ya ɗaga farat ɗaya, sannan ya riƙa saukowa sannu-sannu har ya koma inda yake. Na bi ƙa'ida, na duba sanarwar masu lura da rana a wayata. Rana lafiya lau, ba ta yi aman komai ba a wannan sa'ar. Nan take raina ya ɓaci. Na ce ba kowa ba ne sai mutumin nan.

Na zaga bayan katanga na same shi durƙushe yana gyaran ƙafar amalanke. Ko gaisuwar kirki ban yi ba.

Na ce, "Baba Sale, ashe haka muka yi da kai? Jiya ƙarfe biyu ka kunna."

Ya ɗaga baƙin tabaransa ya dube ni. Ya ce, "Jiya? Yaro, jiya ina Kwaya. Tun asuba na ɗaura jaki, damman hatsina na kwaso, ban shigo gari ba sai da aka kira magariba. Gurup ɗin ma ko ɗigon mai babu a cikinsa, je ka girgiza ka ji."

Na ce, "Ni dai na'ura ba ta ƙarya."

Ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa. Sannan ya ce, "To, ni ke yi kenan." Ya mayar da tabaransa ya ci gaba da aiki. Mutumin da a haife ya haife ni, har ya yi jika, na tsaya a gaban mutane na ƙaryata shi, na juya ina huci.

Yanzu ga wurin da ya fi yi mini ciwo, kuma ba zan ɓoye muku ba. Da na koma na sake duban tudun, na ga bai yi kama da walda ba. Walda tsaye-tsaye take, ta zo ta yanke ta dawo. Wannan sumul yake, hawa ɗaya, saukowa a hankali. Na daɗe ina kallonsa, har na ce a raina abin nan da kyau yake. Amma na riga na yanke hukunci a bayan katanga, ba na son in warware. Na yanke mintoci arba'in daga kwafin, na rubuta "walda" a gefe, na aika. Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai ordinater ta nuna faifai ya cika, in ba a samu wuri ba na'ura za ta daina ɗauka. Na dubi rubutun alli a bango, na ce wa kaina ai wannan larura ce. Na zaɓi ɗanyen kwanakin da na ɗauka masu datti ne na goge, har da na Lahadi. Sabon rubutu ya hau kansu.

Ranar Laraba da hantsi na ji babur ya tsaya a ƙofar labo. Mushe ne, kwana ɗaya kafin ranar dawowarsa, ƙaiƙayin hatsi a rigarsa har a gemu. Ban taɓa ganin ya shigo wuri ba sallama ba sai ran nan.

Ya ce, "Laminu, buɗe mini Lahadi! Ƙarfe biyu!"

Ina buɗewa yana ba ni labari. Dakta Hadiza ce ta same shi a gona ta waya. Ranar Lahadi taurarin ɗan'adam sun kama wata fashewa da waɗanda suka tsufa a aikin suka ce ba su taɓa ganin mai ƙarfinta ba. Tun ranar masu madubai ke bin sauran haskenta, kullum yana raguwa. Kuma ta girgiza rufin iska da rana tsaka, tashoshi irin tamu a wasu ƙasashe sun ji. Ana neman ɗanyen rubutun wannan sa'ar daga duk wanda yake da shi.

Na buɗe masa kwafin. Ya ga gurbi, ya ga kalmar "walda". Ya ce, "Ba komai, kawo ɗanyen."

Na nuna masa jerin ɗanyen, babu na Lahadi a ciki. Ya dube ni, ya dubi bango, ya sake dubana. Sai ya jawo bencin ɗalibai ya zauna, ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari na kai faifan wajen wani mai gyara a Damagaram. Ya yini a kansa, ya ce abin da aka rubuta wani a kansa ya tafi. Da na dawo, Mushe ya miƙo mini farar takarda da fensir ya ce, "Zana mini abin da ka gani. Kada ka ƙawata." Na zana: hawan, saukowar, lokacin. Sai ya ciro wayarsa ya nuna mini hoton layin wata tasha da Dakta ta turo masa, wanda da gangan bai bari na gani ba sai da na gama. Lokaci ɗaya, siffa ɗaya. Ya daɗe yana duban takardar. Ya ce, "Ashe ta ji. Magaria ta ji." Idonsa ya kawo ruwa.

A nan na ƙara wata wautar. Na ce, "Mushe, tunda mun san siffarsa, zan iya cike lambobin mu aika. Ba wanda zai gane."

Ya ce, "Ran Litinin ka goge gaskiya, yau kuma kana so mu rubuta ƙarya a gurbinta? A'a, Laminu." Ya ɗauki alƙalami ya rubuta a ƙasan zanen: Daga tunanin Laminu, ba shaida ba ce. Ya manna shi a bango ƙarƙashin dokar alli. Ga Dakta kuwa layi ɗaya ya aika, cewa tashar Magaria ba ta da rubutun wannan sa'ar. Bai ambaci sunana ba, ni kuma ban yi ƙarfin halin kiranta in faɗa ba, abin da har yau nake jin kunyarsa. Da aka fitar da jerin tashoshin da suka ji fashewar, tamu ba ta ciki.

Tambaya ɗaya ya yi mini a kan lamarin duka. Ya ce, "Ka tambayi Sale?" Na ce na tambaye shi, ya ce yana Kwaya. Ya ce, "Sai ka ce masa me?" Da na faɗa, ya ce, "Tashi ka je."

Na je na durƙusa a rumfar na ba Baba Sale haƙuri. Ya sa na yi masa bayanin abin tun daga farko, tauraron da mutuwarsa da hasken da ya taso tun ba a yi ɗan'adam ba. Ya girgiza kai ya ce, "Ikon Allah. Wato can aka yi waldar, ni aka zo aka zaga." Mutanen rumfa suka yi dariya, ni ma na yi ta dole. Sai ya daina dariya ya ce, "Na yafe maka, yaro. Amma ka ga, da ka yarda da maganata, da ba ka san abin da ya ɗaga layin ba, da ka ajiye shi har tsohon ya dawo. Da ya samu abinsa."

Ban taɓa jin bayanin aikinmu da ya kai wannan ba, kuma daga bakin mai walda ya fito. Abin da ka gane, kowa ma ya gane shi. Wanda ba ka gane ba, saboda shi aka ajiye ka a gaban na'ura, shi ne ba a gogewa. Kuma maganar mutumin da ke kusa da kai ita ma shaida ce, a rubuta ta a gefen layi ko da ba ta yi maka daɗi ba. Shi ya sa nake hana ku rubuta "hayaniya" sai kun tabbatar. In ba ku sani ba, ku rubuta "ban sani ba", ba wanda zai kore ku.

Mushe ya ajiye aiki a shekarar da ta biyo, ya koma Dogo-Dogo. Zanen nan da kuke gani a bango kuna tambayata na mene ne, shi ne. Duk kaka nakan hau babur in je in gaishe shi. Ya tsufa, ido ya yi rauni, bai taɓa tayar mini da maganar Lahadin nan ba ko sau ɗaya. Sai dai in mun gama gaisawa, na tambayi gona ya tambayi iyali, yakan matso ya rage murya ya ce, "Laminu, layin ya motsa?"

Ni kuma in ce, "Bai motsa ba tukuna, Mushe."