Ranar da Kaka Ta Kira Baba a Waya

Jiya a motar Jikwoyi wayar wani dattijo ta yi irin kukan wayoyin farko, sai na tsinci kaina a falonmu na Karu, ina 'yar shekara goma.

Lokacin farar hula sun dawo mulki, Abuja sai bunƙasa take. An ƙara wa Baba girma a ma'aikatarsu, ya sa satalayit, ya sayi wayar hannu, ya kuma ɗauko mahaifiyarsa daga ƙauyenmu na Katsina don ta huta.

Kaka mai son hira ce. Da farko in mai karanta labarai a talabijin ya yi sallama, takan gyara mayafi ta amsa. Bayan wata guda ta daina. "Bawan Allahn nan ba ya jiran amsa," in ji ta.

Baba yakan dawo gab da magariba, cunkoson motocin hanyar Nyanya ya gama tafasa shi. Ya yi salla, ya zauna gaban talabijin da tuwonsa. In Kaka ta fara, "Dama ina son..." sai ya ce, "Inna, bari a gama labarai." Labarai kuwa ba sa ƙarewa, wannan tasha ta ajiye, waccan ta ɗauka. Amma da wayarsa ta yi kuka zai rage murya, ya miƙe tsaye: "Na'am, oga."

Wata Asabar da damina, ruwa na dukan kwano bayan la'asar, Kaka ta kira ni ɗakinta.

"Ɗauko wayar uwarki, ki kira mini ubanki."

Na ce ai yana falo.

"Na sani."

Na danna, na kara mata a kunne. Ta bango na ji talabijin ya yi shiru.

"Ni ce," in ji ta. "Wata uku ke nan wani abu na cina a ciki, abinci ba ya zama. Ka kai ni asibiti, ko ka mayar da ni gida."

Baba ya shigo da wayar manne a kunne, ya durƙusa gabanta. Da ya kai ta asibiti, likita ya ce an makara. Ta zaɓi gida, can ta rasu kafin a yanke gero.

Yanzu Baba ya yi ritaya, yana nan Karu. Kullum da safe yakan turo mini addu'o'i da bidiyon da aka turo masa, in amsa da "amin" ina hanyar ofis. Tsakaninmu tafiyar awa ɗaya ce. Rabona da in zauna gabansa tun ƙaramar Salla, kuma kowace Asabar in gajiya ta danne ni, sai in ce wa kaina sai mako mai zuwa.