Lambar da Fenti Ya Rufe

Ranar Talata da ƙarfe shida da rabi na safe, Malam ya fito tsakar gida ya tarar da 'yarsa tana goge rigar aikinta. Tsohon malamin lissafi ne, ya yi shekara talatin da huɗu da alli a hannu kafin ya yi ritaya. Ita kuma injiniya ce a kamfanin rarraba wutar lantarki. A wurin aiki Injiniya suke ce mata, ƙannenta su ce Yaya, shi kuwa Uwata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Mijinta yana aiki a wani gari, sai ƙarshen mako yake zuwa, shi ya sa ta dawo ɗakinta na da.

Ƙarfe bakwai ta kama Umma ta haɗa butar shayi da firji a soket ɗaya. Ta zare butar, ta juya ta, ta nuna ƙananan lambobin da ke gindinta.

"Umma, kowane abu an rubuta masa iyakarsa. Wannan soket ɗin ba zai ɗauki biyun ba."

"Ke dai komai sai kin juya shi kin karanta gindinsa," in ji Umma. "Ran da mijinki ya fara zuwa gaishe mu, wallahi na ɗauka shi ma za ki juya shi."

"Ai na juya shi, Umma. Ba ki gani ba ne."

Takwas saura kwata ta fita. Ƙarfe ɗaya ta bugo waya ta tambayi Malam ko ya sha maganin hawan jini. Ya ce ya sha, alhali bai sha ba, ya tashi ya sha. Huɗu da rabi ta dawo, ta wanke safarta ta shanya. Biyar da rabi suna zaune a kan benci, ya tambaye ta abin da ya sa wuta ta ɗauke da rana ta dawo cikin minti biyu.

"Waya ce ta taɓa waya, Baba. In haka ta faru, wuta ba ta tafiya a hankali, ambaliya take yi. Wadda ta saba gudu ɗari-ɗari sai ta zo dubu-dubu. Akwai na'urar da muke ce wa bireka, mai tsaron ƙofa ne. Da ya ji ambaliya sai ya datse kafin ƙiftawar ido."

"In ambaliyar ta fi ƙarfinsa fa?"

"Shi ya sa ake lissafi tun kafin a kafa shi. Aikinku ne ai, mu aro muka yi."

Ƙarfe tara ta yi musu sai da safe.

Ranar Laraba da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin, a wata ƙaramar tashar wuta da ke bayan kasuwa, ta kama hannun bireka ta rufe don mayar da wuta ga layin da aka gama gyarawa. Ashe akwai wata matsalar a gaba wadda ba a gano ba. Birekan ya yi yunƙurin datsewa, ya kasa, ya fashe. Ta kwana biyu a asibiti, ranar Juma'a da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Shekararta talatin da biyu.

Tun tana ƙarama ba ta da hayaniya. Tana da shekara tara ta kwance rediyon Malam, ta jera sukurorin a murfin kwano bisa tsayinsu, ta mayar da shi ba tare da ko ɗaya ya yi saura ba. Rediyon dai bai sake magana ba. A jami'a ba ta zo ta ɗaya ba, amma littafinta ake ara. Ta yi shekara takwas tana aiki, ba a taɓa ba ta lambar yabo ba, ba a kuma taɓa kiranta a yi mata faɗa ba.

Bayan mako uku aka aiko da rahoton bincike, shafi huɗu. Malam ya karanta shi a tsaye. A shafi na uku an rubuta cewa hatsarin ya faru ne saboda sakacin ma'aikaciyar wajen kiyaye ƙa'idar aiki. Mutuwa ya karɓe ta, domin wanda ya ba shi 'yar shi ya karɓi abinsa. Amma wannan jimlar ya kasa karɓar ta. Da Umma da mijin marigayiyar suka ce lokaci ya yi da za a fitar da kayanta, sai ya kulle ɗakin ya sa makullin a aljihu.

"Ba za a taɓa ko allura ba sai na san ko gaskiya suka rubuta."

"In gaskiya ce fa, Malam?" in ji Umma.

"Sai in sani."

Ya je ya nemi shugaban masu gyaran layi, wani dattijo mai furfura da kowa ke kira Heluma, wanda yake bakin ƙofar tashar ranar da abin ya faru. Ya same shi a inuwar motar aiki yana ɗaure igiyar takalmi.

"Ranka ya daɗe, ni ban iya turancin rahoto ba," in ji Heluma. "Amma shekara talatin ina wannan aiki, ban ga mai naci irin Injiniya ba. Sai ta sa mu gwada layi sau biyu, yara suna ƙunƙuni. Har suna muka sa mata, Sake Dubawa. Ran nan ma ta bi takarda layi-layi, a gabana."

"To me ya fasa na'urar?"

Heluma ya gama ɗaure takalminsa ya miƙe. "Zo mu je ka gani da idonka. Tun ran nan an kashe ɓangaren, babu wuta a ciki."

Ɗaki ne dogo mai warin ƙuna. Akwatunan ƙarfe shida a jere, masu launin toka, kowanne da bireka a ciki, na uku ya koma baƙi, ƙofarsa ta lanƙwashe. Malam bai tsaya a gabansa ba. Ta taga ya hangi taransifoma biyu a fili, ɗaya tsohuwa, ɗaya fentinta na ƙyalli.

"Bara aka kawo ta biyun," in ji Heluma. "Unguwa ta cika, ɗaya ta kasa. Aka haɗa su suna zuba wuta wuri guda. Da manya za su zo buɗewa, aka kawo masu fenti suka shafe ɗakin nan kaf, har da makullin ƙofa. In da ɓera ya tsaya da shi ma ya sha."

"Kowace taransifoma, in aka samu matsala, ambaliyar nawa take kawowa?"

"Injiniya takan ce in aka auna ƙarfin wutar, wajen amfiya dubu takwas."

"Biyu, dubu goma sha shida ke nan. Shi birekan nawa yake iya datsewa?"

"Takardar ofis ta ce dubu ashirin da biyar."

"Shi kansa me ya ce?"

Heluma ya dube shi, sannan ya durƙusa gaban akwati na huɗu, ɗan'uwan wanda ya ƙone, ya shafa da yatsa har ya ji tudun wani ɗan farantin ƙarfe a ƙarƙashin fenti. Ya ciro makullin mota ya shiga kankarewa. Fentin ya riƙa zuba ɓarɓashi. Malam ya sa tabarau ya sunkuya. Dubu goma sha uku.

Lissafin ɗan aji huɗu ne, kuma Malam ya maimaita shi sau uku a zuciyarsa kamar zai canza.

"Me ya hana ta kankarewa?" ya tambaya a hankali. Wannan tambayar ita ya fi jin tsoro.

"Ranka ya daɗe, wa zai tsugunna gaban wannan da ƙarfe a hannu yana da wuta? Ita ce ma za ta fara korar mutum. Ta nemi a kashe tashar yini ɗaya ta duba komai, aka ce a bari sai bayan zafi. Sai ta je ta ɗauko takarda, takarda ta ce ashirin da biyar. Ga alama daga wata tashar aka kwafo." Ya share hannunsa a wando. "Sau nawa ni ma na kama hannun nan."

Malam ya rubuta wa kamfanin wasiƙa shafi ɗaya, babu zagi, babu roƙo. Lambobi uku ne da hoton farantin, da sa hannun Heluma a ƙasa, wanda ya ce ritayarsa saura shekara ɗaya, in sun ga dama su kore shi. Cikin mako guda aka raba taransifomomin biyu, kowace ta koma ciyar da nata layin. Gyaran rahoton kuwa sai da ya ci wata biyar da zuwa ofis sau goma sha ɗaya. A ƙarshe aka aiko da sabon shafi na uku. An cire jimlar, an sa cewa ƙarfin na'urar bai kai ambaliyar da ta same ta ba. Ba a ba da haƙuri ba, shi ma bai nema ba.

Ranar Asabar da safe ya miƙa wa Umma makullin. Ita da ƙannen marigayiyar suka ware tufafi, aka raba wa dangi da maƙwabta. Mijinta ya ɗauki agogonta da hotuna. Littattafan karatunta kwali uku aka kai laburaren kwalejin fasaha. Hular kwano da safar hannu ta roba kayan kamfani ne, Malam ya kai su sito da kansa, ya tsaya har ma'ajin ya rubuta cewa an dawo da su babu abin da ya ɓace. Takalmin aikinta ya yi wa kowa kaɗan. Umma ta wanke shi, ta cusa masa takarda don kada ya lanƙwashe, ta ajiye a saman kabad.