Tarin Ƙanwata da Matan Layinmu

Ƙanwata ta iso mana Gadarif daga Madani, nan ƙasar Sudan, shekarar da yaƙi ya kore su, da jaka ɗaya da busasshen tari. Ta rame, ga jajayen ƙuraje a ƙwaurinta masu zafi.

Matan layinmu ba su jira likita ba. A zaman jabana, inda muke shan gahawa da hantsi, matar mai shago ta yanke hukunci: tarin tibi ne. Ta ɗaura zare a finjali ɗaya don shaida, ta tura wa ƙanwata da ɗan yatsa. Wai mace mai zuwa karatun Alƙur'ani ke nan. Ƙanwata ta shanye, ta koma ɗaki, ba ta sake leƙowa waje ba.

An gwada majinarta sau biyu, babu tibi. Wani likitan ƙirji da shi ma yaƙin ya koro daga Khartum ya ɗaga hoton ƙirjinta, ya nuna mana kaluluwa ta kumbura dama da hagu. Aka yanki ɗan nama a wuyanta aka kai gwaji. Ya ce sunan ciwon sarkoyid, jiki ne ke kumbura kansa, ba a ɗauka. Ya rubuta mata ƙwayoyin kortizon, ya ja kunnenmu kada ta daina rana ɗaya, a riƙa duba sukarinta.

Na kai wa matan labari. Suka ce, "To, Allah ya sauwaƙe," suna ja da baya.

Bayan wata biyu tari ya lafa, maganin ya kumbura mata fuska, ita kuwa kuka take idan ta dubi madubi. A lokacin ne matar mai shago ta yi sallama, har da dabino.

"Masha Allah, ƙanwarmu, kin cika kin yi fes! Ki dawo jabana mana. Af, ɗan sam min ƙwayoyin nan goma, bikin 'yata ya matso, ga ta kamar sillen kara."

Allah ya yafe min, na so in tofa mata yawu. Ƙanwata ce ta riga ni magana, ta dubi matar.

"Yaya, na masu tibi ne."

Matar ta yi dariyar yaƙe ta fita. Da la'asar ƙanwata ta yafa mayafi, ta ce in raka ta kasuwar hatsi, ta gaji da ɗaki.