Shekarar da Na Tona Binne

Maigidana ya rasu a cikin bazara, bayan wata bakwai yana jinya. Duk tsawon watannin ba mu fasa addu'a ba. Matan zumunta na majami'armu sukan zo kowace Alhamis, su durƙusa a tsakar gida su roƙi Ubangiji ya tashe shi. Bai tashi ba. Bayan an rufe shi na ci gaba da zuwa sujada ranar Lahadi, amma in an ce mu yi addu'a sai dai in sunkuyar da kai. Bakina ya ƙi.

Ya bar mana irin dawarsa, kaura ce da ya gada wurin mahaifinsa. Kowace kaka yakan zaɓi manyan zangarniyoyi ya rataye a ɗakin girki don hayaƙi ya kore ƙwari. A shekarar, ciwo ya hana shi zaɓar da yawa. Da muka sussuke, bai cika kwano biyu ba. In ya lalace shi ke nan. Akwai dawa a kasuwar Tudun Wada, amma ba tasa ba.

Mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna, tana zaune da mu. Ita ta ce mu yi binne kamar yadda ya saba, wato mu shuka a busasshiyar ƙasa, irin ya kwanta ya jira ruwa. Na ce ina jin tsoro. Ta ce ita ma. Muka je gonarmu ta hanyar Burumburum, ina saran rami, tana zuba iri tana rufewa da diddige.

Ruwa bai zo ba. Hadari yakan haɗu ta wajen Doguwa, ya yi baƙi ƙirin, sai iska ta watsa shi. Bayan mako guda na kasa zama. Na fara zuwa gonar da sassafe ina tona rami biyu ko uku da yatsa, in ga ko tururuwa ta kwashe irin. In na gan shi sai in mayar in rufe. Washegari in tona wasu. Ban gaya wa kowa ba.

Maƙwabcinmu na gona, wani dattijo Musulmi da suka yi shekaru suna noma kusa da juna da maigidana, ya ga alamar tono. Ya ɗauka zabi ne, ya laɓe a gindin ɗorawa da sandarsa don ya kore mana su. Sai ya tarar da ni a tsugune.

"Ikon Allah," in ji shi. "Kwana uku ina gadin zabuwa, ashe zabuwar da ɗankwalinta take."

"Baba, dubawa kawai nake yi."

"To me ya ce miki da kika duba?"

Na mayar da ƙasa na rufe ramin. Ya yi dariya kaɗan, sannan ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Maman yara. Amma ki bar shi ya kwanta."

Kafin la'asar labari ya kai wa Inna. Na same ta tana tsince wake a faifai. Ba ta ɗago ba.

"'Yar nan, rami nawa kika tona?"

"Ban ƙirga ba, Inna."

"Abin da kika ba ƙasa, kullum kina karɓewa ki duba. Yaushe za ta yi nata aikin?"

Na ce mata gaskiya. Na ce mun roƙa wata bakwai ba a ba mu ba, don haka ban ƙara yarda da abin da ba na gani ba.

Ta ajiye faifan gefe. "Shekara tara na yi ina roƙo kafin a ba ni yaron nan," in ji ta. "Na sake roƙon a bar mini shi, ba a bari ba. Dalili ban sani ba, ba kuma zan yi miki ƙarya in ce na sani ba. Amma ba ni da wata ƙofa sai ta Yesu. Gobe ma zan roƙe shi ruwa. In bakinki ya yi nauyi, zauna kusa da ni ki ce amin."

Haka muka yi kowace safiya. Amin ɗin kaɗai na iya, har wajen kwana biyar, sannan na fara ƙara kalma ɗaya ko biyu. Gonar kuwa ban sake taka ta ba, ko da yake ƙafata tana so.

Ruwan ya sauka kwana goma sha ɗaya bayan maganarmu, mai yawa, tun azahar har yamma. Da muka je bayan kwana huɗu, dawa ta fito layi-layi. Inda na riƙa tonawa ne aka sami giɓi, wajen kunya uku a bakin gona. Na tsaya ina kallon wurin, hawaye yana zubo mini.

Inna ta ce ba komai, inda ya fito da yawa ai dole a rage. Da shukar ta yi ƙwari muka ciro daga can muka dasa a giɓin, ita tana miƙo mini, ni ina dannawa. Yawancinsu sun kama.