Binnen da Kawu ya yi a gonar Inna

Gonar Inna tana kan hanyar Gamawa, gadon mahaifinta ce, kuma geronta muke ci daga kaka zuwa kaka. Shekara uku a jere wuta-wuta tana cin rabinta. Ciyawa ce mai furen shunayya, kyakkyawa a ido, amma a ƙarƙashin ƙasa take kama saiwar gero tana tsotsa har ya ƙanƙance.

Bara, ina aji biyu na babbar sakandare a Azare, wata malamar gona ta zo gidanmu da ƙaramin buhu. A ciki akwai wasu 'yan ƙwayoyi farare da ba su kai riɗi girma ba. Na danna ɗaya tsakanin farcena, ta fashe kamar busasshen koko. Ina raɓe a bakin ƙofa ta yi wa Inna bayani. Ta ce irin wuta-wuta yakan yi shekaru yana barci a ƙasa, ba ya tsirowa sai ya ji wani ɗan ruwa da saiwar gero ke fitarwa. Kowace ƙwaya tana ɗauke da kwaikwayon wannan ruwan a cikin ɓawo na sitaci. Ruwan sama zai riƙa narkar da ɓawon kaɗan-kaɗan, ciyawar ta ɗauka gero ne ya zo, ta tsiro, ta rasa abin kamawa, ta mutu. Ɓawon kuma ya ruɓe ya zama ƙasa.

"Sharaɗi ɗaya ne, Hajiya," in ji ta. "Bayan ruwan farko, gonar ta zauna babu iri har mako uku."

Na rubuta wannan a bayan littafin lissafina, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Kawu, yayan Inna, shi ke mana shuka tun rasuwar Baba. Al'adarsa binne: a sa iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Ranar Asabar ɗin da na kai masa fura gona, kwana biyu bayan mun watsa ƙwayoyin, na tarar da shi da sungumi, ya riga ya sari rabin gonar.

"Kawu, malama ta ce a jira," na faɗa. Muryata ko ni da kyar na ji ta.

"Me kika ce, 'yar boko? Ɗaga murya, ba jarrabawa ake yi ba."

"Ta ce a jira mako uku bayan ruwa."

Ya yi dariya har hularsa ta zame. "Mako uku! Kowa ya shuka, gonar ƙanwata tana zaune tsirara, a ce ba ta da ɗan'uwa? Ajiye furar ki wuce."

Littafin yana cikin jakata. Ban fito da shi ba. Wannan ne abin da har yau ke ƙona min rai.

Ruwa ya sauka ranar Talata. Ƙwayoyin suka yi aikinsu daidai, suka tashi kowane iri da ke barci, sai dai wannan karon saiwar gero na nan tana jira. Ban taɓa ganin gonar ta yi shunayya irin ta bara ba. Geron bai wuce ƙuguna ba. Dami shida muka kwaso, wasu zangarkun ma babu ƙwaya.

Kawu bai tsaya a nan ba. A ƙofar gida, a gaban maƙwabta, ya ce malamar gonar nan irin wuta-wuta ta kawo mana a buhu. Ina sharar zaure, na ajiye tsintsiya. Na shiga ɗaki na ɗauko littafin, na buɗe a gaban Inna, na karanta mata sharaɗin malamar da ƙarfi yadda za a ji daga waje, na kuma faɗi ranar da na same shi da sungumi.

Inna ta miƙe. Sannan ta yafa mayafi ta leƙa zaure.

"Yaya, na gode da ɗawainiya. Baɗi ni da yarinyar nan za mu shuka."

Geronmu ya ƙare tun kafin azumi. Kawu bai ƙara amsa gaisuwata ba, ni kuma ban daina gaishe shi ba, don Inna ta ce dole.